Ranar da Kwamfutar Yaya Ta Ƙi Tashi

Likita ake ce masa a titin, ko da yake bai taɓa yi wa kowa allura ba, kuma in ya ga jini jiri ke ɗibarsa. Kwamfutoci yake dubawa. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai yanka mabuɗi da mai sayar da fenti, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje yana leƙe. Ya ba hamsin baya da 'yan kai. Gajere ne, mai sanyin magana, furfura ta kama masa gefe ɗaya na gemu ta bar ɗayan, kamar can labari bai isa ba tukuna.

Mai gaggawa ba ya jin daɗin Likita. Za ka kawo masa inji ranka a dagule, shi kuwa ya kwance murfi ya tsaya yana kallon ciki, shiru, har ka zaci barci ya yi da ido buɗe. Ba barci ba ne. Tun yana yaro, duk sa'ad da ya buɗe cikin inji, gari yake gani daga sama, da tituna na azurfa da gidaje baƙaƙe da 'yan tankunan ruwa a jere, babu kowa a waje. Sai ya zaga garin nan da ido ya gaisa da shi kafin ya taɓa komai. Matarsa ta daɗe da haƙura. Takan ce ta auri mutumin da rabinsa ke gida, rabinsa ke cikin akwati.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, daga bango ake farawa. A wurinsa wutar lantarki baƙuwa ce da ta taso daga nesa. Ta soket take shigowa, ta bi waya, ta sauka a akwatin wuta da ke cikin kwamfutar, nan take zama har a danna makunni a ce mata bismillah. In kwamfuta ta mutu farat ɗaya, to a wata ƙofa aka tare baƙuwar, aikinsa shi ne ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya har ya gano wadda aka rufe. Akwai masu gyaran da in abu ya fi ƙarfinsu, ko suka ƙyalla ido suka hango kayan ciki masu kyau, sai su girgiza kai su ce ta gama. Likita yana ƙyamar wannan hali kamar yadda yake ƙyamar sata, don a ganinsa duk ɗaya ne. Shekara ashirin da bakwai yana sana'ar, bai taɓa kiran mai rai matacciya ba, kuma titin ya san haka. In ya ce ta gama, ba mai ɗauka ya kai wani wuri.

Mutum ɗaya ce ba ta kiransa Likita, ita ce yayarsa. Auta take ce masa, ko a gaban wa. Shekara goma sha biyu ta ba shi, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu ita ta raine shi. Ranar da ya fara kwance rediyon babansu yana ɗan shekara tara, ita ta riƙe masa tocila a ƙarƙashin gado, da rediyon ya ƙi haɗuwa kuma ta ce ita ta yar da shi, ta sha faɗan. Ita ta kama hannunsa ta kai shi wurin mai gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma talabijin, daga talabijin ya faɗa kwamfuta, duk tana biye tana tambayar wannan wayar ta mece ce, waccan kuma ina ta nufa.

Yaya mai buga takardu ce. Shagonta yana titi na biyu daga nasa, kusa da inda ofisoshi suke, kuma shekara talatin da shida ke nan tana mayar da rubutun hannun mutane rubutun inji: takardar neman aiki, wasiƙar koke, kundin ɗalibai mai shafi ɗari biyu da rubutu kamar kaji sun yi tsere a kai. Da tafireta ta fara. Ba ta kallon yatsunta in tana bugawa, kuma ana ba da labarin cewa ba a taɓa dawo mata da takarda don kuskure ba. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa. Kowane fayil nata ɗaure yake da koriyar igiya, kowace allura ta san gidanta.

Kwamfutarta Likita ne ya haɗa ta da hannunsa, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Duk Asabar da hantsi sai ya zo da 'yar jakarsa, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Yaya, ya injin?" Ya buɗe, ya hure ƙura, ya saurari fanka, ya rufe. Sa'o'in kwamfutar duk sun daɗe a bola, ita kuwa ko tari ba ta yi. Ita ce abin alfaharinsa a duniya, ya fi ambatonta a kan 'ya'yansa.

'Yar Yaya, wadda ke koyarwa a makaranta, ta yi shekaru tana roƙon uwar ta ajiye aikin ta huta. Yaya ta kafe. Wata rana da maganar ta ishe ta, sai ta fito bakin shago ta faɗa a gaban Tela maƙwabciyarta da duk masu wucewa, cewa ita da injin nan tare za su tashi: ranar da ya mutu ta rufe shago, kafin nan kuwa kada wanda ya sake yi mata zancen hutu. Aka yi dariya, maganar ta bi titi. Likita ya ɗauke ta amana. Ya san shagon nan shi ne numfashin yayarsa, kuma ya ƙudurta cewa muddin yana da hannu, injin ba zai mutu ba.

Sai ga wata Talata da safe wayarsa ta yi ƙara. Tela ce.

"Likita, ka bar abin da kake yi ka zo. Injin yayarka ya ƙi tashi. Tun da ta buɗe shago take dannawa, ko ƙyaftawa bai yi ba."

Ya ɗauki jaka, ya bar shagonsa a hannun mai yanka mabuɗi, ya kama hanya yana lissafa ƙofofi a ransa. Mutane na gaishe shi yana amsawa ba tare da ya san wa ya amsa wa ba.

Ya tarar da Yaya zaune a kujerarta, ta ba taga baya, hannuwanta a kan cinya. Abin ya ba shi mamaki, don bai saba ganin hannuwan nan a zaune ba. Hasken safiya ya ratso labule ya kwanta a kan tebur, ƙura 'yar kaɗan tana iyo a cikinsa a hankali. Shagon ya yi tsit. Sai a ranar ya gane cewa duk shekarun nan ƙarar fankar injin ce ke cika ɗakin.

"Sannu da zuwa, Auta."

"Yaya, me ya faru? Jiya lafiya kuka rabu?"

"Lafiya lau. Na kashe ta da yamma kamar kullum, na rufe ta da mayafinta. Yau na danna, shiru."

"Ba ki ji ƙauri ba? Ba a kawo wuta da ƙarfi ba?"

"Ban ji komai ba. Kar ka wahalar da kanka. Ta yi iya yinta, shekara goma sha huɗu ba kwana goma sha huɗu ba ne."

"Wahalar me? Ki ba ni awa ɗaya."

Tela ta leƙo da awo a wuya, ta ce ai tunda Likita ya iso magana ta ƙare, ta koma kan kekenta. Shi kuwa ya durƙusa ya fara daga bango. Ya zare wayar kwamfutar daga soket ya sa butar shayin Yaya, nan da nan buta ta fara tsuwa. Soket lafiya. Ya ciro wayarsa ta gwaji ya canza, ya danna makunni, shiru. Ya kai hanci bayan akwatin ya shaƙa, don abin da ya ƙone ba ya iya ɓoye warinsa. Babu ƙauri, sai ƙanshin tsohon ƙarfe da takarda.

Ya ɗora kwamfutar a kan tebur ya kwance noti. Murfin ya zame, garin ya bayyana, hasken taga ya sauka a kan titunansa. Ya san kowane lungu a nan. Ga fankar da ya canza shekarar da aka haifi autarsa, ga wurin da ya taɓa liƙewa da dalma wata ranar ruwan sama, Yaya na riƙe da tocila tana yi masa tsiyar cewa hannunsa na rawa. Ya tsaya kallo ya fi yadda ya kamata. A ransa yana tafe a ƙasa cikin titunan nan, yana ƙwanƙwasa ƙofofi, gari ya yi shiru kamar kowa ya yi tafiya ya bar fitila a kashe.

Butar ta tafasa. Yaya ta tashi ta haɗa masa shayi, ya ji motsinta a bayansa bai waiwaya ba.

Ya zare babbar wayar akwatin wuta daga jikin babban allon cikin injin, ya lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙala takarda, ya haɗa bakin koriyar waya da baƙa. Fankar akwatin ta juya, sumul. Ya auna wutar da mita, kowace waya ta ba da abin da ake nema gare ta. To baƙuwa ta iso masauki lafiya. Ya mayar, ya duƙa da tocila yana bin 'yan tankunan nan ɗaya ɗaya, ko akwai wanda ya kumbura ko ya zubar. Duk ƙalau suke. Zuciyarsa ta fara sauka, don saura ƙofa ɗaya, kuma ita ce mafi sauƙi. Makunni kan gaji da dannawa. In shi ne, sai a taɓa 'yan ƙusoshi biyu na jikin allo da bakin sukundireba, inji ya tashi.

Ya kai hannu inda siririyar wayar makunni take shiga, don ya zare ta ya yi gwajin. Sai ya tarar da ƙusoshin biyu tsirara. Wayar ba ta nan.

Waya takan zame da kanta, ya sha gani. Amma wadda ta zame takan faɗi ne ta yi lilo. Ya bi da tocila har ya same ta can gefe. An naɗe ta zagaye uku, tsaf, an ɗaure ta a jikin ƙarfe nesa da fanka don kada fiffike ya tauna ta. Da koriyar igiyar fayil aka yi ɗaurin, kunnuwa biyu daidai wa daida, irin ɗaurin da aka riƙa yi wa igiyar takalminsa duk safiya har ya shiga aji uku. A kewayen wurin kuma an goge ƙurar kwana uku da ta taru. Wanda ya yi aikin nan ya zo kashe inji ne, amma ya kasa barinsa da datti.

Ya daɗe a duƙe, tocila na haska igiyar.

Da ya ɗago, Yaya tana zuba shayi a kofi na biyu. Ta ɗora ɗan yatsa a bakin kofin, tana zubawa a hankali, sai da zafi ya taɓa yatsan ta tsaya. Ya juya ya dubi shagon kamar yau ya fara shigarsa. Kalandar bango tana kan watan da ya wuce. A gefen tebur ga kundin wani ɗalibi, a kansa gilashin ƙara girman rubutu, babba, irin wanda bai taɓa gani a nan ba. A kwandon shara ga takardu bugaggu, an zagaye kalmomi da jan biro da hannun da ba nata ba.

Ta miƙo masa kofin, hannunta ya ɗan kauce daga inda nasa yake.

"Ka gani ko, Auta?"

"Na gani."

"Na san za ka gani. Na dai ce ko Allah zai sa ka yi kasala yau." Ta koma ta zauna. "Da lalube na yi. Shekara nawa ina kallonka kana yi."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Ya kusa shekara. Duk abin da na kalla, tsakiyarsa ba ya nan, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan gilashi. Gefe-gefe ina gani. Yanzu haka ina ganin kunnuwanka da jakarka, fuskarka ce babu. Na je asibiti ni kaɗai har sau uku. Sun ce ba irin wanda tabarau ke gyarawa ba ne." Ta gyara zaman mayafinta. "Bugawa ba ta gagare ni ba, yatsuna sun san hanya. Rubutun mutane ne ba na iya karantawa. Makon jiya wani yaro ya dawo mini da shafi goma sha ɗaya. Bai yi rashin kunya ba, cewa ya yi, Mama, ko kin gaji ne? Na gwammace ya zage ni."

Ransa ya ɓaci, kuma bai san da wa yake fushi ba. "Me ya hana ki gaya mini? Duk Asabar ina nan."

"Duk Asabar kana nan. Ka tsaya a ƙofa ka ce, Yaya, ya injin? Ni kuma in ce lafiya, don lafiyarsa lau."

Ba da zafi ta faɗa ba, har da ɗan murmushi. Da ta ɗaga murya da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. Shi da ke jin fanka ta canza murya daga bakin ƙofa, ya yi Asabar hamsin yana shiga yana fita, bai ga yayarsa na laluben kofi ba.

"Na jira ta mutu da kanta," in ji Yaya. "Kullum in danna ina fata. Amma ka riƙe ta da kyau, Auta, ka riƙe ta har ta fi ƙarfina. Ni kuma na riga na yi magana a gaban mutane."

"Ai ba abin kunya ba ne ciwon ido."

"Ban ce abin kunya ba ne. 'Yata zan gaya mata, a gida, a zaune. Amma ba na so titin nan ya ce makanta ce ta tashe ni, a riƙa rage murya in na wuce, waɗanda na buga wa takardu su koma suna duba ko na yi musu kuskure. Shekara talatin da shida. Ina so in rufe ƙofar nan da hannuna, a ce injinta ne ya mutu ta cika alkawari." Ta juyo da fuskarta wajensa, ta ɗan karkata kai don ta same shi ta gefen ido. "Na san abin da nake roƙonka. In ba za ka iya ba, mayar da wayar, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya dubi ƙusoshin nan biyu. Aikin daƙiƙa biyar ne, ko da ido rufe. Injin zai yi 'yar ƙararsa, fanka ta juya, Tela ta leƙo ta ce ai ta faɗa. Yatsunsa har ƙaiƙayi suke. Ya tsaya a haka har shayin ya huce a hannunsa, hasken taga ya bar tebur ya sauka ƙasa.

Sannan ya ajiye kofin, ya ɗauki murfi ya mayar, ya ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya.

Da rana ta take, 'yar Yaya ta iso daga makaranta da alli a hannun riga, don Tela ta kira ta ita ma. Tela ta biyo ta, mai sayar da takarda na tsallake shi ma ya matso bakin ƙofa.

"Kawu, yaya ake ciki? Za ta tashi?"

Likita yana naɗe wayar mita. Bai iya kallon kowa ba, sai ya kalli jakarsa.

"Ta gama," ya ce.

"Kai, Likita," in ji Tela. "Ko a kai wa wani ya sake dubawa?" Sai kuma ta kama bakinta. "Ina, tunda kai ka faɗa."

Ba wanda ya ƙara tambaya, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Mai sayar da takarda ya yi wa Yaya jaje kamar an yi rashi, ta amsa da dariya ta ce ai tsohuwa ce ta riga tsohuwa. 'Yar ta rungume uwar, tana son ɓoye murnarta ba ta iya ba. Yaya ta sa aka kira masu kundi su zo su karɓi kayansu, ta ba kowa haƙuri, ta faɗa musu shagon da za su je. Kanta a sama ta yi duk wannan, muryarta ko rawa ba ta yi.

Da la'asar 'yar ta yi gaba don ta ɗauko yara. Yaya ta share shagon, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo da hannunta. Likita ya rungumi kwamfutar a ƙirji, ta fi yadda ya sani nauyi. Suka bi gefen titi tare, ana yi mata sallama daga shaguna tana amsa wa kowa da sunan sana'arsa, don ta san muryoyin.

Da suka iso babbar hanya, inda motoci ke wucewa ba tsayawa, sai ta rage tafiya. Ya ji yatsu biyu sun kama masa gefen riga, can ƙasa, inda kwamfutar ta kare ba mai gani.

"Ka riƙa faɗa mini inda rami yake," ta ce. "Amma kar ka ɗaga murya."

Ya jira motoci suka tsagaita. Idonsa ya cika, sai da ya ƙifta sau biyu kafin ya ga hanyar da kyau.

"Taka uku, Yaya, sannan ki ɗaga ƙafa," ya ce a hankali.